Kafin ka sayi makirufon ribon mai araha

'Yan uwa masu situdiyo, in muryar namiji za ku ɗauka, ku nemi ribon (makirufon da ke ɗaukar sauti da siririn fallen ƙarfe) mai cin wutar 48V da na'urar ɗaukar sauti ke tura masa ta waya, irin R1 Active na kamfanin Golden Age.

Dalili? Wanda ba ya cin wuta, kamar MXL R144, sautinsa ƙasa-ƙasa yake fita. Sai ka murɗa ƙarfi har ƙarshe, shuuu ta cika waƙar, ka koma sayen FetHead, 'yar na'urar da ke ƙara wa makirufo ƙarfin sauti. Arahar ta tashi a banza ke nan.

Ribon yana tausasa murya mai kaifi, amma in mawaƙinka mai babbar murya ce, ja shi baya kamar kamu biyu, in ba haka ba sautin zai dagule.

Yana ji ta baya ma. In ɗakinka na amsa kuwwa, haƙura da shi kawai.