Yadda Ake Ɗaura Wa Tsohuwar Civic Turbo Ba Tare Da An Lalata Injin Ba

Yawancin samarin da na gani sun gwada wannan aiki, turbo (na'urar da hayaƙin inji ke juya farfelarta, tana cusa wa injin ƙarin iska don ƙarfinsa ya ƙaru) suke fara saye a Kofar Ruwa ko Panteka, daga baya su tsaya tunanin sauran. Nan matsalar take farawa. Zan yi misali da Honda Civic mai injin D16, lita 1.6, ta shekarun 1992 zuwa 2000, don ita na fi sani.

Fara da auna lafiyar injin. A cire fulogi, a gwada matsin kowace silinda. Idan bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari, ko motar tana shan baƙin mai, ajiye maganar turbo ka gyara ringin fistin tukuna. Turbo ba ya warkar da inji mai ciwo, ƙarasa shi yake yi.

Sai zaɓen turbo. Ƙarami nake so, irin TD04 ko T25, ba ƙaton na babbar mota ba. In na hannu ne, sa yatsa ka girgiza sandar farfelar. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma idan tana shiga tana fita ko tana gogar bango, bar musu kayansu komai arha. Kada matsin iskar da turbon ke turawa ya wuce psi 6 zuwa 7 (psi ma'aunin matsi ne) muddin fistin da sandunansa na kamfani ne. Wannan doka ce a wurina.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu: hanyar baƙin mai. Farfelar turbo tana juyi sama da sau 100,000 a minti, kuma mai ne kaɗai ke raba ƙarfe da ƙarfe. Shigar man ba wuya, ana ɗaukowa daga bayan inji, wajen na'urar da ke auna matsin mai. Fitarsa ce ke ba mutane kunya. Babu famfon da ke tura shi, gangarowa yake da kansa. Don haka tiyon ya zama mai faɗi, kusan milimita 16, ya sauko a miƙe ba lanƙwasa, kuma ramin da za a huda a kwanon mai na ƙasan inji ya kasance sama da inda man yake kwanciya.

Motata ta farko, mai walda ya huda ramin ƙasa-ƙasa don nan ne hannunsa ya fi kaiwa, ni kuma ban duba ba. Mai ya rasa hanya, ya taru cikin turbo, ya tsallaka cikin salansa, wato bututun hayaƙi. Shuɗin hayaƙi ya turnuƙe layinmu. Na ɗauka turbon ne ya mutu, na sayi wani, hayaƙi bai fasa ba. Sai da aka sauke kwanon muka gane. Kuma don Allah a cire kwanon kafin a huda, a wanke shi tas. Ɓarɓashin ƙarfe kaɗan ya isa ya cinye metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu.

Na'urar sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin inji (intercooler) dole ce. Mai cewa za a iya yi babu ita bai tuƙa mota a Kano cikin watan Afrilu ba. Iska mai zafi ita ke jawo ƙwanƙwasar inji, wato fetur ya riƙa fashewa ba a kan ƙa'ida ba cikin silinda, ƙwanƙwasa kuma ke fasa fistin.

Iska ta ƙaru, to fetur ma sai ya ƙaru: manyan nozul, famfon fetur irin Walbro 255, da fulogi masu jure zafi, a matse bakinsu zuwa milimita 0.7. Sannan a sake saita ƙwaƙwalwar motar. Ana amfani da ƙwaƙwalwar Honda samfurin P28 da Hondata, na'urar da ake saita ta da ita, a ja lokacin tartsatsin fulogi baya, a sa ma'aunin iska da fetur ya tsaya wajen kashi 11.5 zuwa 12 na iska ga kashi ɗaya na fetur idan an taka. Kuɗin mai saitin yana da ciwo, amma bai kai na sabon inji ba. Kafin a saita, kada ka taka totur ko sau ɗaya don gwaji.

Kulocin kamfani zai fara sulɓi, canza shi. Faɗaɗa salansa, duba lagireto da birki. Juyen mai ya riƙa zuwa da wuri, kuma bayan doguwar tafiya ka bar injin yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe.