Yadda zaka bi tseren babur na sifidwe, gasar duniya da ta Turai basu rikita ka ba

Tun ranar da na kunna wa yaran garejinmu hoton tseren nan a waya ban huta da tambaya ba. Wani yace Kawu wannan ne zakaran duniya? Wani yace a'a ai jiya wani daban muka gani ana bashi kofi. To duk biyun kun gani daidai, gasa biyu ce, kuma akwai tsohuwar gaba tsakaninsu. Ni gyaran babur nake a wani ƙauye ta wajen Ringim, kuma wlh tun da na fara kallon abin nan ban ga wasan da ya kama min rai kamarsa ba, shi yasa nace bari in tsara muku yadda ake binsa.

Da farko ka san mashin ɗin, don in baka san shi ba duk kallon banza zakayi. Babu birki ko ɗaya, giya ɗaya ce tal, inji silinda ɗaya mai 500cc, kuma ba fetur yake sha ba, wani mai ne da ake kira metanol. Fili da'ira ne mai ɗan tsawo kamar ƙwai, ƙasa ce ba kwalta ba, mutum huɗu ke tashi lokaci ɗaya, zagaye huɗu, kusan minti ɗaya an gama. Na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Ka sa ido a kwana, nan wasan yake, zakaga mutum ya karkatar da mashin ya saki tayar baya tana zamewa gefe tana watsa ƙasa, ƙafar hagu mai takalmin ƙarfe tana jan ƙasa, da totur kaɗai yake sarrafa gudun. Mu da muke ɗaure birki kullum mun san me hakan ke nufi.

Sai ka koyi kalar hular kwano. A layin tashi, ja shi ne na can ciki, sai shuɗi, sai fari, ruwan ɗorawa na waje jikin katanga. A ƙaramar waya baka ganin fuska, kalar ce zata gaya maka waye waye. Kuma kar ka ɗauke ido lokacin da igiyar tashi zata ɗaga, wanda ya taɓa ta kafin lokaci an fitar dashi, sannan sau da yawa wanda ya riga kowa shiga kwanar farko shi ke tafiya da ita.

To yanzu maganar gasannin biyu. Ta duniya ita ce babba kuma tsohuwa, an fara ta 1936 a Wembley ta Landan, wani ɗan Ostireliya Lionel Van Praag ya ci. Da can dare ɗaya ake yi a gama, sai 1995 aka maida ita Grand Prix, ana zagaya garuruwa ana tara maki har ƙarshen kaka, Hans Nielsen na Denmak ya fara ɗauka a sabon tsarin. Hukumar tseren babur ta duniya, wato FIM, ke da ita. Ta Turai kuma da ake ce wa SEC ta fara 2001, ta daɗe ba wanda ya damu da ita sosai, sai 2013 wani kamfanin Foland mai suna One Sport ya karɓe ta ya zuba kuɗi ya kai ta talabijin ya jawo manyan mahaya. Nan fa ƙura ta tashi. Ka tuna yawancin gwanayen wasan nan ƴan Turai ne, Foland, Denmak, Swidin, Ingila, in ka cire ƴan Ostireliya da Amurka kusan mutanen ɗaya ne, wato kamar kasuwa biyu ce ke ci kusa da juna kuma ƴan kasuwar ɗaya. A ƙarshen 2013 FIM ta yi yunƙurin hana mahayan Grand Prix shiga SEC, aka kai ruwa rana, daga baya hanin bai ɗore ba. Emil Sayfutdinov na Rasha bai hau Grand Prix a 2014 ba, ya je ya cinye ta Turai 2014 da 2015. Ni a ganina wannan hanin zalunci ne ga mahayi, mutumin da yake saka wuyansa a kan mashin mara birki bai kamata a ce masa ga inda zaka nemi abinci ga inda ba zaka nema ba.

Yadda zaka gane wacce kake kallo ba wuya. Duba rubutun kusurwar allo, SGP ta duniya ce, SEC ta Turai. Ta duniya tana yin zango wajen goma a shekara, a birane irin su Prague da Torun, ta Turai yawanci huɗu ne. Lissafin ma ya bambanta kuma nan mutane ke ɓata. A Grand Prix tun 2020 matsayin da ka ƙare a daren shi ke baka maki, wanda ya ci ya ɗauki 20, a SEC kuwa duk makin da ka samu a kowane tashi ana tara maka. Ka samu ɗan littafi ka raba shafi biyu, kar ka haɗa su, ni a bayan littafin bashi na gareji nake rubuta nawa.

Kar kuma ka raina zakaran Turai. Yanzu wanda ya ci SEC yana samun gurbi a Grand Prix ta shekara mai zuwa, haka Robert Lambert na Ingila ya shiga bayan ya ci 2020. Mikkel Michelsen na Denmak ya ci ta sau uku, 2019 da 2021 da 2023. Amma in ana maganar sarki to Bartosz Zmarzlik ne na Foland, ya ci duniya 2019, 2020, sannan 2022, 2023, 2024 a jere. Fara da shi, ka nemi tashinsa inda ya makara a igiya ya bi ta waje ya wuce su.

Batun lokaci, kakarsu na kamawa daga bazara har kaka, wato daidai aikin gona a wajenmu, kuma yawanci Asabar da yamma ake yi. Agogon Foland a lokacin yana gaban namu da awa ɗaya, don haka sau da yawa yana cin karo da magariba. Ni bana wahalar da kaina da kallon kai tsaye, netwok ɗinmu ma ba zai ɗauka ba. Ka kai waya wurin mai caji tun rana, bayan isha ka sayi datar dare ka sauke taƙaitaccen hoton a YouTube, ka rage ƙarfin hoton don kar ya cinye maka data, washegari ku kalla tare a inuwa.

Abu ɗaya nake roƙon ƙannena, kar wanda ya kwance birkin Bajaj ɗinsa yace zai gwada a filin makaranta. Wani yaro ya gwada zamiyar nan a kan yashi bayan kasuwa, mashin ya kwanta masa a ƙafa, sati shida yana ɗaure wurin mai ɗori, ni na miƙe masa fok da kan mashin. Su can suna da kayan kariya tun daga wuya har ƙafa, katangar filin ma balan-balan ce mai iska, ga motar asibiti a tsaye, kuma duk da haka suna karyewa.