In ka ƙyalla ido kan Civic mai ƙofa biyu, ga abin da za ka duba kafin ka biya

Samari da yawa a Birnin Kebbi da Jega da Argungu in suka ɗan tara kuɗi motar farko da ke shiga ransu ita ce Honda Civic mai ƙofa biyu, musamman ƙirar 2001 zuwa 2005, don tana da kyan gani kuma sau da yawa kuɗinta bai kai na mai ƙofa huɗu ba. To amma arhar nan da dalilinta, kuma kuɗin da ka rage wurin dillali in ba ka buɗe ido ba gareji za ka kai su cikin wata shida.

Fara da giya, don nan ne babbar asara take. Masu otomatik na wagga ƙira, balle na 2001 da 2002, sun yi suna wurin lalacewar giyabos tun a Amurka inda aka fi sayar da su. Kar ka yarda da ɗan zagayen layi da dillali zai ce ku yi, ka hau titi sosai ka tuƙa kamar minti ashirin har mota ta ɗau zafi, don giyar da ta fara mutuwa da sanyi lafiya lau take shiga, sai ta yi zafi ne za ka ji injin na kuka mota ba ta tafiya, ko ta yi fizga tsakanin giya ta biyu da ta uku, ko ka ga harafin D na ƙiftawa a dashbod. Da ka tsaya ka kashe ta, zaro sandar man giya ka goga a farar takarda. Ja ya kamata ka gani. In ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙuna, malam ka gode masu ka kama gabanka. Ni dai in da mai manuwal a kasuwa ita zan ɗauka ko da fentinta ya koɗe, canjin kuloci bai kama ƙafar kuɗin giyabos ba. Wanda ya riga ya sayi otomatik kuma, man Honda za ka zuba, DW-1, wanda ya maye gurbin Z1, a tsiyaye kusan lita 3 a zuba sabo, ba kowane jan mai na bakin tasha ba.

Sai zafi. Injinta D17 ne mai lita 1.7, ba ya shan mai amma ba ya yafe obahitin, kuma kowa ya san yadda garin nan yake daga Maris zuwa Mayu, ma'auni ya wuce 40. Ka je duba motar da sassafe tun ba a tayar da ita ba, ka buɗe murfin lagireto (da sanyi fa, kar ka kuskura da zafi), a tayar, ka zuba ido. In ka ga kumfa na ta tasowa ba ta tsayawa, ko robar ajiyar ruwa na cika tana amai bayan tafiya, gaskit ɗin kan silinda ya fara tafiya. Ka leƙa ƙarƙashin murfin baƙin mai ma, in ka ga abu kamar madara ruwa ya haɗu da mai ke nan. Wani abin da ke ban haushi, makanikai da yawa da mota ta shigo sai su cire tamostat su haɗa fanka dairek wai ai ƙasarmu zafi gare ta, alhali hakan ɓoye ciwon kawai yake, mota ta ƙara shan mai, ita fanka ta mutu da wuri. A wanke lagireto, a mayar da tamostat, a zuba kulan maimakon ruwan rijiya da ke barin tsatsa.

Tamin bel kuwa kar ka tsaya tambayar mai motar yaushe aka canza, zai ce kwanan nan. Honda cewa ta yi mil 110,000 ko shekara 7, kuma irin injin nan in bel ya tsinke kana gudu fistin na dukan bawul, aiki ya koma na sauke kan inji. Ka sa kuɗin bel da famfon ruwa da tenshina cikin kuɗin sayen motar tun farko, a yi su rana ɗaya. Ƙirar 2006 zuwa 2008 sarƙa gare ta ba bel ba, amma ita ma da nata, bulok ɗin injin na tsagewa ya riƙa zubar da ruwa, har kamfanin ya ƙara wa'adin garanti a kai.

Ƙafafu ba abin tsoro ba ne, bushin, boljoyin, shokozoba, kujerar inji, duk ɗaya ne da na mai ƙofa huɗu kuma ana samu. Inda ƙofa biyu ke cizo shi ne bodi. Ƙofarta ta fi tsawo da nauyi, ka buɗe ka ɗaga ta sama ka ji ko tana wasa, ka gwada gilas ya hau ya sauka sau biyu uku. Ƙofa, gilashin gefe, fitilun baya duk nata daban ne, ranar da ɗan kabu-kabu ya goge ka za ka iya zagaye garin nan kaf ba ka samu ba, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, ga kuɗin aike ga jira, wani lokacin a turo na gefen da ba shi ba.

Akwai kuma maganar iyabag (jakar iska mai kare mutum in an yi hatsari) ta kamfanin Takata, wadda ke fashewa da gutsattsarin ƙarfe, na 2001 da 2002 na cikin mafi haɗari. In ƴar Amurka ce sa lambar shasi a shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ka ga ko an canza.

Lissafin riƙo yanzu. Tankinta lita 50 ne, in inji na lafiya daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato lita goma sha kaɗan ta ishe ka, wanda tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ba ƙaramin abu ba ne. Inshorar tad fati ta koma naira 15,000 daga 5,000 tun farkon 2023, ga sabunta takardu duk shekara. Takardar kwastan kuma ka tabbatar ta gaske ce, mu da ke kusa da boda ta Kamba mun fi kowa sanin motocin da suka shigo ta bayan gida, tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa. Sannan ka sa a ranka ranar sayarwa za ta daɗe a hannu, mai haya ba ya so, mai iyali ma da ya tuna sai an kwantar da kujera kafin Hajiya ta shiga baya zai ce a nuna mai wata, don haka wurin ciniki ka taya ƙasa sosai, dillalin ma ya san da haka.