Daga anza zuwa shawii: koyar da al'adar Kumeyaay a ajin firamare a Sakkwato

Yaron aji uku ko huɗu ba ya riƙe sunan wata al'umma mai nisa sai an ɗaura ta da abin da ke cikin gidansu. A nan Kumeyaay suka dace da ajinmu. Su ne 'yan asalin yankin San Diyego a kudancin Kalifoniya ta Amurka da arewacin Baja Kalifoniya ta Meziko. Sun yi dubban shekaru a can kafin Sifaniyawa su kafa mishan a 1769, sannan iyakar da aka shata bayan yaƙin Amurka da Meziko, a 1848, ta raba ƙasarsu biyu. Yaron da ke da dangi a Illela da Birnin Ƙonni ba ya bukatar dogon bayani kan wannan.

A fara da abinci, don a nan darasin ya fi kama yara. Abincinsu na gado shi ne shawii, wani ɗan tuwo mai laushi da ake yi da 'ya'yan oak, wata bishiya da ke tsirowa a yankinsu. Ana fasa su, a daka a ramukan da ke jikin falalen dutse, sannan a yi ta zuba wa garin ruwa har ɗacinsa ya fita. Malam ya tambaya: wane abinci ne a nan sai an jiƙa shi kwanaki ana canza ruwa? Wanda ya zauna da kakarsa a ƙauye zai ce anza. Ɗacin oak daga sinadarin tanin yake, wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, da kuma ganyen shayi. Saboda haka a gwada da shayi: cokali biyu a ƙulle cikin ƙyalle mai tsabta, kofuna biyar farare a jere, a tsiyaya rabin kofin ruwan ɗumi ta cikin ƙullin zuwa kowane kofi bi da bi. Launin zai yi ta dusashewa daga na farko zuwa na biyar. Da ruwan randa launin ba ya fita sosai, yara ba za su ga bambanci ba. Kada a kawo ɗanyar anza aji don ɗanɗano, tana cutarwa in ba a jiƙa ta yadda ya kamata ba.

Ɗakinsu na gargajiya, 'ewaa, da rassan da aka lanƙwasa ake yin sa a rufe da ciyawa, kamar bukkar Fulani. Don yin ƙaramin samfurinsa, kowane rukunin yara shida ya samu ɗanyun tsumagun geza takwas masu tsawon kamu ɗaya, a kafa su da'ira cikin laka, a haɗa kawunansu a ɗaure da kaba. Karan dawa karyewa yake yi.

Lambun aji kuwa, wanda zai haɗa darasin abinci da aikin hannu, a fara shi a Nuwamba. Wanda ya jira Maris, zafi zai ƙone shukar kafin yara su ga amfaninta. Buhu ɗaya ga kowane rukuni, a huda gindinsa wuri biyar ko shida, a cika da kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A shuka wake ƙwaya uku a zurfin gaɓar yatsa biyu, cikin kwana uku zuwa biyar zai tsiro. Sure da alayyahu ma suna yi. Abu biyu ke kashe lambun makaranta: awaki da hutun ƙarshen mako. Na farko shinge ne maganinsa. Na biyu, a binne ƙaramin tulu har wuya a tsakiyar buhun, a cika shi ranar Juma'a a rufe bakinsa, ruwan zai riƙa tsattsafowa. Duk Litinin yara su auna tsawon shukar da rula su rubuta.

Don karatu, Malama ta rubuta jimla takwas zuwa goma a kwali da abin da aka riga aka taɓa da hannu, a karanta tare, sannan biyu-biyu. Aikin gida, kowa ya tambayi kakarsa yadda ake adana hatsi a rumbu, a kwatanta da manyan kwandunan da Kumeyaay ke saƙawa don ajiye 'ya'yan oak. A kula da lafazi: kada a rubuta komai da "a da can". Kumeyaay suna nan da ransu, suna koya wa 'ya'yansu harshensu, suna kuma dafa shawii a bukukuwansu. Kada a sa wa yara gashin tsuntsu a ka ko a sa su kwaikwayi waƙoƙin ibadarsu. Gaisuwarsu, "haawka", ta isa a buɗe darasi da ita kowace safiya.