Babi na 7: Guguwar teku ma tana da takwara

Darasi na 1

Iyayena da 'yan uwana sannunku da ƙoƙari. Kowa ya buɗe kaye, ya sa taswirar duniya gabansa. Rubutun ya kalle ku daidai, kar ya juya kai ƙasa. Sama arewa ce, hannun dama gabas, hagu yamma. Shuɗin nan da kuke gani duk ruwa ne. Ku sa yatsa bisa Nijar, ku ja shi hagu har ku wuce Senegal ku faɗa shuɗi, wannan shi ne Tekun Atlantika. Ku dawo, ku ja dama da ƙasa har ku wuce Mozambik, Tekun Indiya ke nan. Babban da ya rabu biyu, rabi a bakin takarda na hagu rabi a na dama, Pasifik ne, teku guda ne, takarda ce ta raba shi.

Guguwar da muke magana ba irin tamu ta rani ba ce mai kwashe ledoji a kasuwar Tahoua ta wuce. Wagga bisa teku take tashi, da ruwan sama da iska, tana iya kwana da kwanaki tana tafiya. In iskar ta kai wajen kilomita 63 a awa sai masu aikin meteyo su raɗa mata suna. To kowane yanki da nasa jerin sunaye, shi ya sa ake samun takwara, kamar yadda ajin nan muke da Ibrahim uku, in anka ce Ibrahim sai kun ce wane?

Haka za ku yi wa guguwa. Abu uku ake rubutawa: suna, shekara, teku.

Ku rubuta: Katrina, 2005, Atlantika. Ita ce ta afka wa birnin Niyu Oliyans na Amurka a watan Agusta, mutum fiye da 1,000 sunka rasu. Yanzu layi na ƙasa: Katrina, 1998, Pasifik. Wannan can wajen gabashin Ostareliya ta yi yawonta. Suna ɗaya, guguwa biyu, babu abin da ya haɗa su ko dangi. Wani dattijo ya taɓa ce mani ashe ta huta shekara bakwai ne ta dawo. A'a Baba, ta 1998 ta mutu tun 1998.

Ku duba kayenku, uku ne a kowane layi? Ku ƙirga da yatsa. Suna. Shekara. Teku. Wanda ya samu biyu kar ya ji kunya, ya ƙara na ukun, da sannu ake cin tuwo mai zafi. Na san teku ne kunka bari, kullum shi ake bari, saboda mu nan ba mu da shi hankali ba ya kaiwa can. Ku sake. Ku faɗa da baki kafin bik ya taɓa takarda: suna, shekara, teku. Inna, ke ma da ƙarfi, ba wanda zai yi dariya.

Abin da zai ba ku mamaki, da yawa cikin manyan guguwar Atlantika daga irin hadarin damina da ke ratsa ƙasashenmu daga gabas zuwa yamma suke farawa, sai sun fita teku bayan Senegal su yi ƙarfi. Wannan ba za a tambaye ku ba, na dai faɗa.

Darasi na 2

Kenneth, a karanta shi Kenet. A watan Afrilu 2019 ta bugi arewacin Mozambik, 'yan makonni bayan wata guguwa mai suna Idai ta ɓarnata birnin Beira na ƙasar. Kenneth, 2019, Indiya. Akwai wata ta 2017 a gabashin Pasifik, ita cikin teku ta ƙare ba ta hau tudu ba. Ku rubuta ta da kanku.

Na zagaya na gani, kuma gaskiya raina bai so ba. Rabin aji Kenneth 2017 kawai sunka rubuta sunka ajiye bik. Sau nawa zan faɗa? In za ku aika kuɗi Yamai kuna cewa a ba Ibrahim ku yi shiru? Ba ku yi, har lambar waya kuke karantawa sau biyu. To mi ya sa nan kuke gajarta mani? Masu hira a baya ina jin ku. A goge a sake, teku a ƙarshe.

Darasi na 3

Ko cikin teku ɗaya suna yana dawowa. A Atlantika jeri shida ne, bayan shekara 6 a koma na farko. In guguwa ta yi ɓarna mai yawa sai a cire sunanta, Katrina an cire, anka sa Katia. Shi ya sa shekara ma ba a barinta.

Darasi na 4

Freddy, 2023, ta kashe mutane da yawa a Malawi, ta Mozambik ta shigo. Ku nemo tekun a taswira ku cika layin a gida, ku zo da shi ran Litinin.