Yadda Na Magance Ƙaiƙayin Gaba da Farin Ruwa

Ƙaiƙayin ya soma ne bayan na kammala shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai raɗaɗi lokacin fitsari ya biyo baya, tare da farin ruwa mai kauri da gudaji. Abin da na fara lura da shi shi ne ruwan ba ya wari, kuma wannan yana da muhimmanci, domin ruwa mai ƙarni ko mai launin kore-kore alama ce ta wata cuta dabam, wadda maganinta ma dabam ne.

Likita ta duba ni, ta ɗauki ɗan ruwan aka gwada, aka tabbatar cewa naman gwarin da ake kira Candida albicans ne. Ta bayyana mini cewa yana zaune a jikin mata da yawa ba tare da illa ba, amma idan magani ya rage ƙwayoyin da ke kare farji, ko a lokacin juna biyu, ko idan ciwon suga bai daidaita ba, sai ya yawaita.

An ba ni clotrimazole na sakawa a farji da dare, da man shafawa na waje. Akwai kuma ƙwayar fluconazole mai miligiram 150 da ake sha sau ɗaya, sai dai ba a ba mai ciki. Na daina wanke cikin farji da sabulu mai ƙamshi, wanda a ganina ya fi komai tsananta raɗaɗin, na koma sa kamfai na auduga. Cikin 'yan kwanaki ƙaiƙayin ya lafa. Likitar ta ce idan ya dawo sau 4 a shekara, in koma a gwada sugan jinina.