Masu zuwa hutu Wales, ku tafi da namanku

Jama'a, in za ku kai iyali hutun kaka gidan gona a gaɓar tekun Wales da ke Birtaniya, ku sayi naman halal tun a Cardiff ko Birmingham, ku daskarar da shi kafin tafiya.

A ƙauyukan Pembrokeshire, yankin gaɓar teku a kudu maso yammacin Wales, da wuya ku samu mahaucin halal. Manyan kantuna ma awa 6 kawai suke buɗewa ran Lahadi. Mu sai da muka kwana biyu kan ƙwai da burodi, yara na ta ƙorafi.

Daskararren naman kuma shi ne ƙanƙarar kularku a mota.

Amma ku tambayi mai gidan ko akwai firiza. Wasu ƙaramin firji kawai gare su, naman mako zai lalace. In haka ne, ku ɗauki na kwana 2, sauran kwanakin ku nemi kifi.